Makbule da Bakin Aro

A unguwarmu ta 'yan ci-rani a birnin Gent, idan mace ta rasu, kafin a kira liman Makbule ake fara kira. Ita ke wanke matanmu, ita ke yi musu sutura kafin a sa su a jirgi a mai da su Emirdağ, garinmu na asali, su kwanta kusa da iyayensu. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, kuma ba a taɓa jin ta fito daga ɗakin wanka ta ce ta ga kaza a jikin wance ba. Saboda wannan riƙon bakin ne mata ke rububinta tun suna da ransu. Sai ka ga tsohuwa ta tare ta a shagon mai burodi, ta damƙi hannunta ta ce, "Makbule, ni fa ke nake so," kamar mai kama layi wurin tela kafin sallah.

Amma wadda ta riga kowa kama wuri ita ce Gülizar. Tare aka kawo su daga ƙauye suna amare, mazajensu suka ajiye su a ɗakuna biyu masu kallon juna a bayan masaƙar da suke aiki. A shekarar farko, da kewa ta ishe su, suka ƙulla abin da muke kira ahretlik, ƙawancen lahira. Aka dafa shayi, suka yi musayar ɗankwali a gaban tsofaffi, kowacce ta ɗauki ɗayar 'yar'uwa duniya da lahira. A cikin alkawarin har da cewa duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta da hannunta. A ranar dariya suka yi, don mutuwa ba ta cikin lissafin amarya. Daga baya Makbule ta koyi wankan gawa wurin wata tsohuwa, saboda a lokacin babu mai yi. Gülizar kuwa ta haifi maza zalla, babu mace ko ɗaya, sai alkawarin ya tashi daga wasa ya zama abin da ta jingina da shi.

Ban san yadda aka yi jininsu ya haɗu ba, don halinsu ko kusa bai zo ɗaya ba. Idan ka ce wa Gülizar ina kwana, to ka nemi kujera. Za ta faro maka daga tsakar ka, ta gangaro wuya, ta tsaya a ƙugu ta huta, sannan ta sauka gwiwa. A ganinta ciwon da aka haɗiye ciki yake komawa ya yi gida, har ya hayayyafa, don haka dole a fito da shi ta baki kullum safiya. Makbule kuma da wani karatun ta taso. Uwarta ta koya mata cewa ciwo aike ne daga Allah, zunubi yake kankarewa, kuma mai kai ƙararsa wurin mutane da hannunsa yake zubar da ladansa. Kalma ɗaya take da ita ga duk mai tambayar jikinta: shukur. Godiya ke nan, kuma da gaske take yin ta, ba don a ce ta yi ba.

Ciwo kuwa akwai shi. Ta yi shekarun ƙarfinta a gidan wankin zannuwan otal, gabanta injin guga mai tururi, bayanta ƙofar lodin motoci a hangame. Kowa a cikinmu ya san abin da iska mai ratsa ƙofa biyu ke yi wa mai gumi a jika. 'Yan ƙasa ne dai ba su yarda ba, su da ke buɗe taga ana zuba ƙanƙara wai ɗaki ya sha iska. Sanyin ya fara shigar mata kafaɗar dama, ya zarce ta hagu, ya sauko yatsu. Ta yi masa abin da aka saba: rigar ulu a ƙarƙashin kaya har da rani, man zaitun mai ɗumi, ƙaho da kofin shayi, idan an je gida hutu kuma ta kwana biyu tana jiƙa jiki a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta garin Afyon. Yakan lafa ya dawo, duk dawowa kuma da ƙari.

Kada ka ce ba ta zuwa asibiti. Tana zuwa, 'yarta Nurten ce ke ɗaukar hutu a ofis ta kai ta ta yi mata tafinta. Likitarsu, Dokta Lievens, doguwar mace ce mai fara'a, ta san sunan jikokin kowa. Da sun zauna za ta dubi Makbule ta ce yaya jiki. Makbule ta dafa ƙirji ta ce, "Shukur." Nurten ta juya ta ce, "Ta ce lafiya lau." Sai likita ta ji daɗi, ta auna jini, ta duba sukari, ta yaba mata, ta rako su bakin ƙofa.

Makbule kuwa a zaune take tana jira. A wurinmu tambayar farko gaisuwa ce kawai. Ko shayi aka miƙo maka, a'ar farko ba a ƙirga ta. Sai mai gida ya sake, ka ce wallahi yanzu ka sha, ya rantse sai ka sha, sannan ka miƙa hannu. Wanda ya karɓa a tayin farko mayunwaci ne, wanda ya janye tire a a'ar farko kuma marowaci. Haka ma zancen jiki. Makbule ta shirya tsaf, idan likita ta sake tambaya za ta ce to, kafaɗar ce ke ɗan taɓa ta. Idan ta matsa, ta nuna mata yatsun. Amma tambaya ta biyu ba ta taɓa zuwa ba. Shekara da shekaru ana haka, har ta yanke a ranta cewa likita ta duba da idonta na ilimi ta ga ba abin yi, shi ya sa ta kama bakinta don kunya. Ta ga mutuncin matar sosai a kan haka. Ita kuma ba za ta zauna a gaban 'yar da ta haifa tana jera wuraren ciwo ba.

Asiri ya fara tonuwa ran wankan wata tsohuwa maƙwabciyarsu. Makbule ta ɗaga buta za ta zuba, hannun ya ƙi wuce ƙirji, yatsun suka saki. Butar ta faɗi ta yi ƙara a kan tayil. Nermin, wadda ke taya ta aikin, ta ɗago ta dube ta. Makbule ta ce sabulu ne. Nermin ta iya aiki, ba a raina ta, sai dai bakinta ba ya da marfi. Daga ranar Makbule ta fara zamewa. Idan aka kira ta sai ta ce tana da baƙi, Nermin ta je. A gida ta daina kitse gashinta, ta koma sa riga mai buɗaɗɗen gaba. Abin da ke cin ranta ba zafin ba ne. Alkawarin ne, don ta san hannun da ya kasa buta ba zai juya mutum ba.

Ana cikin haka sai Gülizar ta yi shiru. Makbule ta kai mata romon kaza wata hantsi, ta same ta zaune a kicin da rigar sanyi, ta ce mata yaya jiki, ta ja kujera ta gyara zama don ta san tafiyar da nisa.

"Shukur," in ji Gülizar.

Makbule ta dube ta. Tunda take ba ta taɓa jin kalmar nan ita kaɗai a bakin matar ba.

"Ke, yaya jikin na ce."

"Da sauƙi, ƙawar lahira."

"Don girman Allah, Gülizar."

Sai ta faɗa mata. An ga wani abu a cikinta, ya riga ya yaɗu, likitocin babban asibiti ba su ba ta dogon lokaci ba. Ta faɗe shi a taƙaice, ita da kan kwashe rabin yini a kan ciwon haƙori. Makbule ta fashe da kuka. Gülizar ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta nuna saman kabad da haɓa.

"Sauko min da kwalbar sukari."

Makbule ta miƙe, ta dubi kwalbar, ta tsaya.

"Na ce sauko min da ita mana. Ko ita ma baƙi gare ta?"

"Sukari ba shi da kyau a jikinki."

"Ji munafuka! Ɗaga hannun in gani. Kin ɗauka makauniya ce ni? Tun bara nake kallonki kina riƙe kofin shayi da hannu biyu kamar mai roƙon ruwa. Gashinki rabonsa da kitso tun azumi. To bari ki ji, ni ba zan kwanta tsirara a gaban Nermin ba. Kafin jirgi ya sauka duk Emirdağ sun san inda aka yi mini ɗinki. Ke kika yi alkawari, ke za ki cika."

"Abin daga Allah ne. Likita ma ta gani ta yi shiru."

"Kin faɗa mata?"

"Ba ta tambaya ba."

Gülizar ta tafa hannu ta yi salati. Makbule ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ke can ƙasan ranta, cewa ta daɗe tana haƙuri da ciwon nan, ba ta son ta zo ƙarshe ta watsar da ladan da bakinta.

"To wa ya ce da bakinki?" in ji Gülizar. "Ke dai ki kawo jikin, ni zan kawo baki. Ki zauna ki yi ta shukur ɗinki. Lada naki, ƙorafi nawa. Idan zunubi ne a rubuta mini, dama littafina ya saba."

Makbule ta juya maganar ta ko'ina ba ta ga inda ta ɓule ba. A makon suka tafi, ba tare da Nurten ba, su biyu riƙe da juna a tashar jirgin ƙasa na cikin gari, ba ka sanin wace ce ke tallafe da wace.

Dokta Lievens ta yi mamakin ganinsu tare, don ta san halin da Gülizar ke ciki. Ta fara juyawa wajenta, Gülizar ta ɗaga mata hannu. Yaren 'yan ƙasa na bakinta na kasuwa ne, a wurin masu kifi da rigimar maƙwabta ta koye shi, amma bai taɓa ba ta kunya ba.

"Yau ba ni ba ce, 'yata. Ni an gama da ni. Tambayi wannan."

Likita ta tambayi Makbule yaya jiki. Makbule ta dafa ƙirji ta ba da amsarta ta kullum.

"Ta ce ta gode wa Allah," in ji Gülizar. "Wannan tsakaninta da Shi ne, ba naki ba ne. Naki yana tafe. Sake tambaya."

"Ai ta amsa."

"Sake dai."

Likita ta sake, tana ɗan murmushin rashin gane inda aka dosa. Makbule ta dubi ƙasa ta ce kafaɗar ce ke ɗan taɓa ta. Abin da Gülizar ke jira ke nan. Ta gyara zama ta buɗe aiki. Ɗan taɓa ta? Matar da ba ta iya sa ɗan maɓallin riga? Matar da ke tashi da safe yatsunta a sandare sai ta tsoma su a ruwan zafi kafin ta iya alwala? Ta kama hannun Makbule ta ɗora a tebur tana nuna gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. A nan wuta, a nan allura, a nan kuma kare ne ya kama ya ƙi saki. Ta yi nishi a madadinta, ta yi wayyo a madadinta, har da dafe ƙugu. Makbule na gefe fuskarta ta yi ja, tana jan hannun rigarta tana cewa, "Ke, ya isa haka, kada ki ƙara gishiri." Amma ko ɗaya ba ta ƙaryata ba. Abin da ya ba ta mamaki ma shi ne yadda matar nan ta san kowane lungu na ciwon, har wanda ita kanta ba ta sa wa suna ba.

Likita ta ajiye alƙalami. Ta taso ta zagayo, ta ɗauki hannun a hankali tana lallatsawa, ta ce a tambayar mata tun yaushe.

"Tun kafin ki yi aure," in ji Gülizar.

Idon likita ya kawo ruwa. Ta ce ita a gidansu an koya mata idan babba ya ce lafiyarsa lau, rashin kunya ne ka matsa masa kamar ka ce ƙarya yake. Da aka fassara wa Makbule, sai ta riƙe baki. Ashe duk shekarun nan ladabi suke yi wa juna, kowacce irin na gidansu. Ta ce a faɗa wa likita kada ta damu, ita ma ba ta kyauta ba. Sai dariya ta kama su su uku, Gülizar na yi tana riƙe ciki saboda zafi.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Amosanin gaɓɓai ne, ya daɗe, kuma likita ba ta ɓoye mata ba: ba zai tafi ba, sai dai a rage masa ƙarfi. Makbule ta ce dama ta sani, iskar ƙofar lodi ce. Likita ba ta ja da ita ba. Ta ce iska ko ba iska ba, gaɓoɓin sun kumbura, kuma akwai abin da ke saukar da kumburi. Rigar ulu ma ta ce a ci gaba da sawa. Wannan ya ƙara mata daraja a idon Makbule, ta karɓi maganin da hannu biyu.

Aka kuma rubuta mata motsa jiki a wurin iyo mai ruwan ɗumi, ranar da aka ware wa mata. Makbule ta shiga da dogon wando da riga har wuya, a tsakiyar tsofaffin matan 'yan ƙasa da ke nishi da ƙarfi babu mai jin kunyar wani. Da farko ta ce ita da girmanta ba za ta yi wasan agwagwa ba. Gülizar ta zauna a benci da bargo a cinya tana ba da umarni, mai horarwar ma sai ta yi shiru ta bar mata. Da ƙafa ta gagari Gülizar, Makbule ke zuwa ita kaɗai, ta biyo ta gidanta da gashi a jiƙe.

"Nuna min," in ji Gülizar daga kan gado.

Makbule ta tsaya ta ɗaga hannu. Yau ƙirji, wani makon haɓa.

"Saura. Ba inda za ni sai kin taɓa saman ƙofar nan. Ki yi a hankali ma, ba sauri nake ba."

Ba ta taɓa kai wa saman ƙofar ba. Amma ta kai kanta, ta dawo tana kitse gashinta, yatsun kuma suka yarda su riƙe abu idan rana ta ɗaga. Ciwon na nan, wasu ranakun ma kamar ba a taɓa shan magani ba. Duk da haka Makbule takan zauna bayan sallar la'asar ta yi godiya mai tsawo, kuma yanzu da sunaye a ciki. Tana sa likitar da ta koyi cewa, "Na ji godiyar, to ban da ita fa?" Tana sa tsofaffin cikin ruwa. A gaba da kowa tana sa mai bakin nan da ta yi shekaru tana ce wa Allah ya shirye ki.

Gülizar ta cika wata safiya farkon bazara, 'ya'yanta na kewaye da ita. Aka kira Makbule. Ta sha maganinta, ta tsoma hannuwanta a ruwan zafi, ta ɗauki jakarta. Tunda an hana Nermin, dole a sami mai zuba ruwa, sai Nurten ta ce ita za ta shiga. Makbule ta dube ta da kyau. Yarinyar nan ko layin da aka yi rasuwa ba ta son bi, amma rabin ƙuruciyarta a kicin ɗin Gülizar ta yi shi.

Suka rufe ƙofa. Makbule ta gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu, ta ce a ƙara na zafi kaɗan, matar nan ba ta son sanyi. Ta yi bismilla ta fara, a hankali, daga dama, mayafi a kan jikin ba ta bari ya zame ba. Nurten na zubawa, hawaye na bin fuskarta. Da aka zo juyawa, Makbule ta sa hannu a ƙarƙashin kafaɗar ƙawarta ta ɗaga, zafin ya tsarga mata har wuya.

"Wayyo kafaɗata! Ke Gülizar, duk ramar nan ashe da sauran nauyinki."

Nurten ta zaro ido. Ba ta taɓa jin uwarta ta ce wayyo ba.

"Me kike kallo? Ajiye butar ki kama min ƙugunta."

Suka juya ta tare. Makbule ta wanke bayan, ta wanke gashin ta raba shi ta kwantar mata a ƙirji, ta shafa mata kafur. Aka naɗe ta a likkafani, fari ƙal. Makbule ta ɗaure wajen kai da yatsunta, ta ɗaure tsakiya, ta tsaya tana mai da numfashi. Ta cika alkawari, kuma daɗin haka ya cika mata ƙirji har ya danne baƙin cikin na ɗan lokaci. Sai kuma wani tunani ya zo mata wanda bai taɓa zuwa ba duk watannin nan. Alkawarin mutum ɗaya yake wa aiki. Wadda ta saura ba ta da kowa.

Ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙyallen ɗaurin ƙafa, sai ta ga yana hannun Nurten.

"Inna, bar min wannan. Nuna min yadda ake yi."

"Ke da ke tsoro?"

"Ina tsoro. Ki nuna min dai. Daga farko nake so, har yadda kike gwada ruwan."

Makbule ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan ta matsa gefe ta ba ta wuri, ta ɗora karkatattun yatsunta a kan nata.

"Kada ki ja da ƙarfi," ta ce. "A can cikin kabari za a kwance shi."